Shafin da Ya Ƙi Juyuwa a Kaina

A zauren gidanmu littafi ba ya kallon malam, ɗalibi yake kallo. Haka na tashi na tarar, haka kuma mahaifina ya ce ya tarar a wurin nasa mahaifin. Malam yana kan buzu, bayansa jingine da bango. Ɗalibi ya zo ya zauna a gabansa, gwiwa kusa da gwiwa, ya buɗe littafinsa a kan cinya, ya ja baƙi, malam ya fassara. In ya yi tuntuɓe sai ya ɗora yatsa a kan kalmar da ta kayar da shi, malam ya leƙo daga inda yake, ya karanta ta a juye, ya faɗa masa. Ba a karɓar littafi daga hannun mai shi, ba a kuma juyo shi. Ban taɓa jin wanda ya ce laifi ne ba. Kawai dai ba a yi, kamar yadda ba a miƙa wa babba abu da hagu.

Mahaifina gwani ne a wannan leƙen. Ko rubutun da kaza ta taka aka ɗora masa a juye, kafin ɗalibi ya gama sauke yatsa ya riga ya faɗi kalmar, wani lokaci har da ta gabanta. Ɗalibansa manya ne, ba yara ba: 'yan kasuwa masu tsallakawa Ƙonni, mahauta, direbobi, da manoma daga Garu da Araba waɗanda kan buga sammako a kan babur. Daga an sallame asuba ake farawa, hantsi na ɗagawa kowa ya kama gabansa. Ranar Lahadi kuwa sai dai a yi da wanda ya samu, don kasuwar Illela ba ta bar wa kowa lokaci ba.

Ni ne babban ɗansa namiji, kuma ni ban iya wannan leƙen ba. Zan faɗe shi a fili tun yanzu, tunda shekara ashirin na yi ina ɓoye shi. In aka juya mini shafi, rubutun da na sani kamar yunwar cikina sai ya koma sawun kiyashi. Idona lafiya lau, ina ganin kowane ɗigo. Amma in ce wa kaina, “To, juyo shi,” sai ya tsaya ƙyam kamar an buga masa ƙusa. In na matsa wa kaina nakan iya tono harafi ɗaya, in koma in tono na biyu, kafin in kai na huɗu na farkon ya gudu.

Ba a littafi kaɗai ba ne. Mutum ya tsaya a gabana ya ce hannunsa na dama ke ciwo, sai na ɗan karkata jikina na yi kamar ni ne shi kafin in san wanne yake nufi. A makarantar boko an taɓa ba mu jarrabawa mai zane-zane, wai a nuna wanne ne daidai da wannan in an juya shi. Ni dai na ga abin ba wuya, na kama takardar ina juyawa a kan benci. Malamin da ke tsaronmu ya zo ya sakar mini ranƙwashi, ya ce da kai ake juyawa, ba da hannu ba. Har yau ina jin haushin mutumin nan, don bai taɓa gaya mini ta yaya ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙanena. Shekara uku na ba shi. Karatu bai zauna masa ba, da ƙyar aka lallaɓa shi ya yi sauka, daga nan ya bi kawunmu kasuwa ya zama mai kai kaya tsallake. Amma ka je tasha ka ga ikon Allah. Za a tara masa buhuna da kwalaye da jarkoki da katifa har da keken ɗinki, ya tsaya ya dubi tulin, ya dubi bayan motar, ya ɗaga hannu ɗaya yana murza iska kamar mai kwance kwan fitila. Sai ya ce, “Wanga shi kwanta, wancan shi ba da baya, katihwa daga ƙarshe.” A yi yadda ya ce, komai ya shige, har a sami wurin buta.

Lokacin da na yi aure, ni da shi muka ɗauko gado za mu shigar ta ƙofar zaure. Na yi ta cusa shi a miƙe, yana ƙi, ina zufa. Ya bar ni na gaji don kansa, sannan ya ce in ɗaga ƙafar nan, in kwantar da wancan ɓarin, in shigo da baya. Gado ya wuce ko bango bai taɓa ba. Ya ce, “Yaya, kai dai ka riƙe littahi.” Na yi dariya tare da shi, a cikina kuwa ina cewa da ka san littafin ma ta fuska ɗaya na riƙe shi.

Ina da shekara goma sha biyu Baba ya fara sa ni ina jin karatun ƙanana, kuma a ranar farko na gane halin da nake ciki. Yaro ya zauna a gabana da allonsa, ya nuna wuri, na duba ban ga komai ba. Allah ya taimake ni wurin na hardace shi, sai na faɗa da ka, idona a kan allon. Yaron ya maimaita, ya wuce. Daga ranar na sami dabara. Duk littafin da ake karantawa a zauren nan na bi shi na hardace, tun daga ƙananan littattafan ibada har zuwa na nahawu. Na koyi sunkuyo da kai, in ɗan ƙanƙance ido, in jinkirta kaɗan kamar mai dubawa, sannan in faɗi abin da kunnena ya riga ya gaya mini shi ne na gaba.

Sai ga shi na yi suna. Mutane suna cewa ɗan Malam kansa kamar rumbu, abin da ya shiga ba ya fita. Ina jin daɗin yabon, ba zan yi ƙarya ba, har tafiyata ta canza. Amma kullum wani ɗalibi ya zaro littafi daga gafaka sai gabana ya faɗi, har in ga bangon in tabbatar na san shi. Na ɗauka wata tawaya ce aka halicce ni da ita ni kaɗai, irin wadda in aka sani za a ce wannan bai isa ya zauna a kan buzu ba. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Inna ba, matata ma ban gaya mata ba.

Ina da shekara talatin da biyu yanar ido ta rufe wa Baba gani, aka ce sai an kai shi Sakkwato an yi aiki. Ana gobe za su tafi ya kira ni, ya ce in riƙe zaure. Ya ce in ya dawo ya ga yadda na riƙe, shi zai huta ya bar mini. In kuma abin ya fi ƙarfina ba komai, akwai babban ɗalibinsa da ke da tasa makarantar a bayan tasha, sai a tura mutane can. Ya faɗe shi ne a sauƙaƙe kamar mai maganar cefane. Ni kuwa na san ma'anarsa: karatun da kakana ya kafa a wannan zauren zai tashi daga gidanmu, kuma a hannuna.

Aka yi aiki lafiya. Baba ya dawo da baƙin tabarau da kwalaben maganin ɗigawa, aka ce kada ya yi karatu sai ido ya warke. Sai ya zama kullum yana fitowa, a shimfiɗa masa darduma a gefe, ya jingina da carbinsa yana saurare. Mako uku ina kan buzu ba a sami matsala ba. Na fara sakin jiki, har na fara yi wa ɗalibai gyaran murya irin tasa.

Akwai wani dattijo manomi daga Araba, ɗalibin Baba ne tun ban yi wayo ba. Da damina ba a ganinsa, sai an kai amfani gida yake dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Bai da saurin fahimta, amma ban taɓa ganin mai ladabin karatu kamarsa ba, ko sandarsa ba ya jinginawa a bangon da Malam ya jingina. Littafinsa na ibada ne, wanda na hardace tun ina saurayi. Sai dai nasa ba bugun inji ba ne. Kakansa ne ya kwafe shi da hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, a tsakanin kwali biyu, an ɗaure da tsirkiyar fata. In ya gama warƙa sai ya ɗauke ta ya kife a gefe, ta ƙasa ta bayyana.

Ranar wata Talata ya dawo karatu. Ya gaida Baba, ya yi masa barka da arziki, sannan ya zo gabana ya zauna, da shi da furfurarsa, kamar yadda yake zama gaban mahaifina. Muna babin taimama. Ya ja, na fassara, ya ja, na fassara, har muka kai ƙarshen warƙa. Ya ɗauke ta ya kife. Sabuwar warƙar kuwa ruwa ya taɓa layinta na farko, tawadar ta yi jirwaye. Ya kai ido kusa, ya ja baya, ya kasa karantawa. Sai ya ɗora yatsa.

Na sunkuyo, na ƙanƙance ido, na jinkirta, na faɗi abin da ke biye da inda muka tsaya. Na faɗe shi da ƙarfin zuciya, don na san ban yi kuskuren hadda ba.

Dattijon ya sake duban takarda. Can ya ce, “Allah shi gahwarta Malam, ni kamar ba hakanan nig gani ba.”

Nan ne ya kamata in tsaya. Amma mutum takwas na zaune suna jiran layi, ga Baba a gefe, ga ni a kan buzu. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Na ce wa dattijon, “Shi na, Baba. Ruwa na ya ɓata shi. Maimaita.”

Ya ce, “To. Idon nawa na, tsuhwa ta zaka.”

Ya maimaita abin da na faɗa. Na ba shi na gaba, ya maimaita, yatsansa na bin layin a hankali. Na ba shi na uku. Ina lura muryarsa ta yi ƙasa, yana faɗi yana satar kallon takardar kamar wanda aka ce ya rantse a kan abin da bai gani ba. Na lura, amma na ci gaba.

Ashe ƙanena ya shigo kawo wa Baba maganin ido da aka manta a mota, yana tsaye a bayana yana jiran a kai aya. Daga inda yake, shafin a juye yake gare shi kamar yadda yake gare ni, ga kuma nisa. Ya ce, ba da wata manufa ba, “Yaya, ba taimama ta ba nan. Ga jar tawada can tsakiya, babin azumi na.”

Dattijon ya shiga jujjuya warƙoƙinsa yana cewa laifinsa ne. Wai a hanya babur ya faɗa rami, tsirkiya ta tsinke, takardu suka watse, ya tsince su ya haɗa yadda ya samu. Yana ba ni haƙuri. Shi yake ba ni haƙuri. Kowa a wurin ya ga abin da ya faru: layi uku na karanta daga shafin da babu su a ciki, idona a kansa.

Baba ya ce, “A tashi hakanan yau.” Ya miƙa wa ƙanena hannu ya tashe shi.

Ban ci abincin rana ba. Na shiga ɗaki na zauna ina lissafin yadda zan gaida mutane a hanya in an mayar da karatu bayan tasha. Na ji haushin ƙanena, na ji haushin ramin da babur ya faɗa, har kakan dattijon na ji haushi da bai ɗinke littafinsa ba. Da na gama zagaye kowa sai na dawo kan kaina, na tarar nan haushin ya fi zama daram. Bayan azahar aka ce Baba na kira.

Na same shi a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro. Ƙanena na zaune a kan turmi, Inna na can gefe da faifai tana tsintar wake. Na durƙusa.

Baba ya ce, “Ka san littahin ga, na sani. Mi ya hana ka duba takardar?”

Na ce, “Na duba, Baba. Ban gani ba.”

“Kai ma idon na?”

“Idona lahiya lau. In takarda na juye ba ni iya karanta ta. Ban taɓa iyawa ba.”

“Tun yaushe?”

“Tun ran da kas sa ni jin karatun yara.”

Na zayyane masa komai, haddar da sunkuyon da ƙanƙance idon. Ina magana ina jiran faɗa. Da na ɗago sai na ga ba fushi a fuskarsa, mamaki ne tsantsa, bakinsa a ɗan buɗe. Ya cire tabarau, ya tuna an hana shi, ya mayar.

Ya ce, “To ba sai ka juya ta ga kanka ba?”

Na ce, “Ita ta ba ta juyuwa.”

Ya jawo butar alwalarsa ya ajiye a tsakaninmu. Ya ce in dube ta da kyau, bakinta na gabas. Ya ce in rufe ido in juya ta, bakin ya koma yamma, in gaya masa inda mariƙin yake. Na ce gabas. Ya ce to ga shi na iya. Na ce a'a, lissafi na yi, tunda baki da mariƙi ba sa zama gefe ɗaya. Butar da ke cikin kaina tana nan yadda ya ajiye ta, ko motsi ba ta yi ba.

Ya juya ga ƙanena. “Kai hwa, mi kaka gani?”

Ƙanena ya rufe ido, hannun nan nasa ya tashi yana murza iska. Ya ce, “Ta juya. Har ruwan ciki nika gani shina tangaɗi.”

Baba ya ce, “Ni ma hakanan. Ni ina zaton kowa hakanan na.”

Sai muka ji Inna tana dariya. Ba ta ɗago daga faifanta ba. Ta ce, “Ni kau ina zaton masu cewa suna juya abu ga kai, cika baki na kawai.”

Duk muka juya muna kallonta. Baba ya ce, “Ke ma?”

Ta ce, “Malam, shekara nawa muna tare? Ka taɓa ganin na ɗaura ma ɗiya ɗankwali ina gabanta? Ta baya nika zagayawa. In za ni koya ma yara alwala, gehensu nika zamnawa, mu dubi wuri guda, hannuna na dama shi na nasu na dama. Ran da kab ba ni takarda kac ce in ba magini shi hudo ƙohwa ta kudu, ba sai da nih hita nit tsaya inda ƙohwar za ta zama ba? Kac ce ina da son ganin ƙwaƙwab. Mi ab abin mamaki? Abin da bai juyo gare ka ba, sai ka zagaya ka ishe shi.”

Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto, ta ci gaba da aikinta. Shekara ashirin ina ɗauke da abin nan kamar wanda ya yi sata, ashe ga mai irinsa nan tana tuƙa mini tuwo kullum, ko a jikinta. Wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka, har na ji ina son in yi dariya, ina son in yi kuka, na rasa wanne zan fara. Ƙanena ya ce, “Ashe ga Inna kag gado shi, Yaya,” Inna ta ce ya rufe mata baki, shi da ko fatiha sai an tuna masa. Wannan ƙari ne ta yi, amma na ji daɗinsa.

Baba ya bari muka lafa, sannan ya gyara zama, na san yanzu ne za a zo wurin. Ya ce, “Rashin gani ba laihi na ba, hakanan Allah Ya yi ka. Laihinka guda na. Dattijo ya ga gaskiya ga takardatai, kas sa shi ya ƙaryata idonai don kak ka ji kunya. Wanga shi at ta da man hankali. Gobe ka ba shi haƙuri gaban waɗanda sunka ji.”

Na ce to. Na daɗe ina murza gefen tabarma kafin in iya tambaya. “Zauren hwa, Baba?”

“Mi yas sami zaure?”

“Malam ta gaba shika zamnawa. Hakanan munka ishe.”

Ya ce, “Mun ishe shi don ya yi ma na gabanmu sauƙi. Kai bai yi ma ba. Zagaya, awa uwarka.” Ya shafa tabarau. “Ni sati ukun ga da anka hana man duba, na gane rabin abin da nika zaton shina kaina, ga takardun mutane nika ɗaukar shi. Kai naka na ciki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tashi ka ci abinci.”

Na ci, kwano biyu.

Washegari dattijon ya zo, na ma ɗauka ba zai zo ba. Ya sake tsirkiya sabuwa. Da layi ya zo kansa, na ce kowa ya saurara. Na ce jiya abin da ya gani shi ne daidai, ni ne ban gani ba, don ba na iya karanta rubutu a juye, kuma ban taɓa iyawa ba. Na ce ya yafe mini. Maganar da na yi shekara ashirin ina tsoro ba ta kai minti ɗaya ba. Wani mahauci ya ce shi ma fa bai iya ba, wani direba ya ce shi yana iyawa amma kansa ke ciwo, nan take zaure ya nemi ya koma mahawara har sai da Baba ya yi gyaran murya.

Na tashi, na ja buzun, na zagayo na shimfiɗa shi a gefen dattijon ta damansa, na zauna. Ai kuwa sai ya zabura ya matsa. Na matso, ya ƙara matsawa, yana cewa wane shi da haɗa kafaɗa da Malam. Muka yi ta haka har ya kai bango. Baba daga kan dardumarsa ya ce, “Mutumin Araba, zamna. In ka huda bangon kai ka gyara.” Aka yi dariya, ya zauna, jikinsa a ɗarare.

Ya kwance littafin a kan cinyarsa, na dubi shafin yana kallona a karo na farko. Rubutun kakansa manya-manya ne, a tsaye, na mutumin da ba ya gaggawa. A gefen layuka ga ƙananan bayanai da ajami, wasu da tawadar da ta koɗe, wasu sababbi da biro, na dattijon kansa. Duk shekarun nan ina sunkuyo a kan littattafan mutane, ban taɓa sanin abin da suke rubutawa a gefe ba. A ƙasan kowace warƙa mai kwafin ya sa kalmar da ta gaba za ta fara da ita, da wannan muka bi muka jera su, ni ina faɗin abin da ya kamata ya biyo, shi yana lalubowa. Warƙa shida ne suka bar wurinsu.

Kafin mu mayar da ta azumin inda take, ya riƙe ta ya ɗora yatsa a kan layin nan da ruwa ya taɓa. Ya ce jiya kamar kaza ya gani, ya faɗi kalmar a hankali, yana dubana ta gefen ido. Na duba. Jirwayen bai ci ta duka ba, ana ganinta sarai.

Na ce, “Ita ta, Baba. Daidai kag gani.”

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya goge ido da bakin rawaninsa, ya ce, “Alhamdu lillahi. Jiya har na ce ma ɗiyana su kai ni asibiti. Ashe idona na nan.”

Ya nemo warƙar taimama ya ɗora a sama, ya gyara zama har kafaɗarsa ta taɓa tawa, bai matsa ba. Ya ja baƙi daga inda muka tsaya, na fassara.